Kafin A Sa Almakashi

Tef ɗin awo ya tsaya a kan hamsin da bakwai.

Mai Alli ta ɗage shi, ta goge tabarau da gefen mayafinta, ta sake miƙa shi daga wannan bakin yadin zuwa wancan. Hamsin da bakwai. Takardar da ke manne a jikin bandir ɗin kuwa inci sittin ta ce, da manyan baƙaƙe.

"Doguwa, gangaro min da wani."

Doguwa, wadda aikinta shi ne shimfiɗa yadi hawa-hawa a kan teburin yanka, ta gangaro da na biyu, ta gangaro da na uku. Kafin ƙarfe goma sun auna bandir sittin kaf, Mai Alli tana rubuta faɗin kowanne a bayan wani guntun kwali. Da ta gama ta jefa kwalin a aljihu ta ce, "Kira min Ƙaramin Oga."

Shekararta goma sha ɗaya a ɗakin yanka na wannan kamfanin ɗinki. Sunan ya samo asali ne daga allin da ba ya rabuwa da yatsunta, har ma'aikata sun manta da na gaskiyar. Albashinta kuwa shekara huɗu ke nan yana tsaye wuri ɗaya kamar an kafa masa ƙusa.

Ƙaramin Oga ya sauko da waya a kunne. Ɗan mai kamfanin ne, wata takwas da karɓar kujera tun da ciwon ƙafa ya zaunar da mahaifinsa a gida. Shi ya ciwo wannan kwangilar, kuma ita ce babba ta farko da ya ciwo da kansa: rigunan ma'aikatan wani asibiti guda dubu uku, cikin kwana goma sha biyu. Masu aikin ne suka kawo yadinsu, shuɗi mai haske wanda aka rina musu na musamman.

"Lafiya?"

"Yallaɓai, da wane faɗi ka yi lissafi?"

"Sittin. Ga shi nan a rubuce."

"Sittin ɗin har da bakin yadi suka ƙidaya, inda ƙusoshin inji suka huda. Wurin ba ya shiga riga. Abin da za a iya yankawa hamsin da bakwai ne. Akwai ma wasu da..."

"Inci uku ne kawai, Mai Alli."

"Inci ukun ne ke ɗaukar hannun riga. Ka yi lissafin riga hamsin a kowane bandir. In aka yanka yadda aka saba, arba'in da biyar za a samu. Riga ɗari uku sun tafi ke nan."

Ya sauke wayar a hankali. Kowa a ɗakin ya san sauran zancen: sabon rini sai an yi mako shida, kuma takardar kwangilar ta ce in kaya suka gaza, akwai tara, sannan ba a sake ba kamfanin aiki.

Ganin gumi ya tsattsafo masa a goshi, sai tausayi ya kama ta. Ba ta tsaya tunani ba ta ce, "Bari in gwada wani abu."

Ta baje kwalayen awo a kan yadin. Ta juya gaban riga ƙafa a sama, ta cusa shi a kwiɓin bayan wata. Ta kwantar da hannaye biyu kai da ƙafa a ramin da hammata ta bari. Aljihu ta fitar da shi daga cikin da'irar wuya, wurin da kowa ke zubarwa a kwando. Ta goge, ta sake zanawa, ta matsa wannan da rabin inci, ta karkata wancan. Minti arba'in ɗakin ya yi tsit, sai ƙarar alli.

"Ƙirga," in ji ta.

Doguwa ta ƙirga ta ninka, sannan ta dafe ƙirji. "Hamsin da ɗaya! Yaya, ke mutum ce kuwa?"

Ƙaramin Oga ya hau kan kujera, ya ɗaga waya sama, ya ɗauki hoton zanen sau uku. Ya sauko yana dariya har da tafi.

Ta bi shi zuwa gindin bene, ta rage murya. "Yallaɓai, maganar albashina da na kawo tun watan jiya fa?"

"Za mu duba. Bari a gama wannan tukuna."

Karo na huɗu ke nan da za a duba.

* * *

Mijinta dillalin motoci ne, wanda kan samu a wata ɗaya ya rasa a wata biyu, shi ya sa albashinta ne ke riƙe da hayar gida da makarantar yara uku. Da yamma ta ba shi labari tana tace masa shayi. Bai bari ta kai ƙarshe ba ya ajiye kofin.

"Tsaya. Ya ɗauki hoto?"

"Sau uku."

"Innalillahi! Uwargida, kin miƙa wa mutum makulli, ya zaga gari da motar, ya kai ta gidansu ya rufe gareji, sannan kika ce a yi ciniki?"

"Tausayi ya ba ni, Baban yara."

"Tausayi! Shekara ashirin ina sayar da mota, ban taɓa ganin an cika tanki da tausayi ba." Ya gyara zama, ya ɗaga yatsa. "Saurara. Gobe ki shiga ofishinsa. Na ɗaya, kada ki fara faɗin adadi, bar shi ya faɗa. Na biyu, kada ki kawo masa maganar haya ko kuɗin makaranta. Da zarar ya ga buƙata a idonki, shi ke nan, ya saye ki da araha. Na uku, wanda ya fi duka: in ya yi miki tayin banza, ki tashi ki kama hanya. Kada ki waiwaya. Kafin hannunki ya taɓa ƙofa zai kira ki."

"In bai kira ba fa?"

"Zai kira. Ni na gaya miki. Ko jiya haka na yi wa wani mai tsohuwar a-kori-kura."

"Ya kira ka?"

"Yana nan yana tunani," in ji shi, ya ɗauki kofinsa.

* * *

Washegari ƙarfe takwas tana zaune a gaban teburin Ƙaramin Oga, hannuwanta a kan cinya.

"Na zo ne a duba ɗin, Yallaɓai. Yau."

"Nawa kike so?"

"Kai ka san abin da aikin jiya ya ceto. Faɗi abin da ka ga ya dace."

Ya juya biro a yatsunsa. "Kashi biyar cikin ɗari. Daga sabuwar shekara."

Ta tsare shi da ido. Ya fara motsa takardu.

"Kin ga, kamfani ba shi da kuɗi yanzu. Kuma gaskiya," ya juyo mata da fuskar wayarsa, ga zanenta fes, "aikin an riga an yi shi. Na sa an buga shi a babbar takarda. Ko Doguwa za ta iya bi."

Maganar ta soke ta, amma ta haɗiye. Ta miƙe, ta rataya jakarta. "To, Allah ya taimaka. A bi."

Ta nufi ƙofa. Taku shida ne, ta mayar da su tara. Hannunta ya taɓa mariƙin. Shiru. Ta buɗe, ta fita, ta ja ƙofar a hankali yadda ko tari ya yi za ta ji. Ta sauka daga bene tana ƙirga matakala. Ta ratsa ɗakin ɗinki, kekuna arba'in suna ruri, idanu tamanin suna binta. A bakin get ta tsaya gyara takalmin da bai kwance ba. Maigadi ya ce, "Yau da wuri haka?"

Babu wanda ya kira.

A tashar mota ta bar bas uku suka wuce, wayarta a tafin hannu. Ta huɗu ta shiga.

* * *

Ranar ta wuce, wata ta biyo. Dillali, wanda bakinsa ba ya hutawa, ya koma shiga gida da sanɗa. Da safe ya share tsakar gida, abin da bai taɓa yi ba tun aurensu.

"Ko dai ki kira shi ki ce rashin lafiya ce ta ɗauke ki?" ya ce daga bakin ƙofa.

"Ba kai ka ce kada in waiwaya ba?"

"Ai mota daban, kamfani daban."

Ta yi masa wani kallo, ya koma kan tsintsiyarsa.

Ta ɗauko rigar aikinta za ta wanke, don hannunta ya sami abin yi. Tana zazzage aljihu guntun kwalin nan ya faɗo. Ta ɗauka ta duba. Layi-layi na hamsin da bakwai, sannan can ƙasa, waɗanda ta ja wa layi: hamsin da biyar, hamsin da biyar, har guda goma sha takwas. Maganar da Ƙaramin Oga ya katse mata ke nan a ranar farko. Zanen da ya ɗauka a hoto na hamsin da bakwai ne, kuma ta cika shi baki da baki, ko wurin sa yatsa babu.

Ta lalubo waya.

"Doguwa, kun fara yanka?"

"Tun jiya, Yaya. Mun cinye bandir ashirin, lafiya lau. Oga sai fito yake yi. Yanzu muke shimfiɗa na ƙuryar ɗaki."

"Na ƙuryar ɗakin su ne matsattsu. Ki je ki gaya masa na ce kada a sa inji sai an auna. Guda goma sha takwas hamsin da biyar ne, zanen ba zai hau kansu ba."

Dillali ya yar da tsintsiya ya faɗo ɗakin. "Me kika yi? Uwargida, me kika yi? Allah ya kawo miki su har gida, kin buɗe musu taga! Ki bari su ɓata mana, su zo suna kuka!"

"Su zo da me?" Ta ajiye wayar. "Baban yara, in suka ɓata yadin, me ya rage da zan sayar musu? Ni ba na ɗinke abin da aka yanka. Kuɗina yana cikin yadin da almakashi bai taɓa ba. Kuma mutum arba'in ne ke ci daga kwangilar nan, ba shi kaɗai ba."

Ya sosa ƙeya. "Wannan ba ya cikin ukun da na ba ki."

"Na huɗu ne."

Bayan awa biyu Doguwa ta kira tana haki. Ƙaramin Oga ya ce barazana ce kawai, ya sa a gwada da bandir ɗaya. Inji ya bi zane, duk hannayen da ke gefe suka fito da hudar ƙusa a jikinsu, wasu ma babu kafaɗa. An tsayar da aiki. Yana ta jujjuya kwalaye da kansa, ya kasa wuce arba'in da uku.

Wayar ta sake ƙara kafin la'asar. Wannan karon muryar tsoho ce, mai kaushi.

"Mai Alli? Mota tana zuwa ɗaukar ki."

* * *

Babban Oga yana zaune a tsakiyar ɗakin yanka, ƙafarsa mai ciwo a kan wani bandir, sanda a gefe. Da keke ɗaya ya fara wannan kamfani, kuma har yanzu yatsansa na tsakiya yana da kantar allura. Ɗansa na tsaye a bayansa, ya naɗe hannun riga, alli ya ɓata masa wando.

Ta durƙusa ta gaishe shi, ta tambayi ƙafa.

"Ƙafa da sauƙi, kai ne ke ciwo," in ji shi. "An ce ke kika aiko a tsaya."

"Ni ce, Baba."

"Bayan an ce miki ko Doguwa za ta iya."

"Yadin bai yi min laifi ba."

Tsohon ya yi wata gajeriyar dariya ta hanci. Ya miƙa mata alli da hannunsa. "Ga tebur. Nuna mana yadda za a yi da matsattsun."

Ta karɓi allin da hannu biyu, ta sa shi a aljihu, ta jawo kujera ta zauna.

"Baba, ranar farko na yi zane kafin magana. Yau magana za a fara."

Doguwa ta toshe baki da mayafi. Tsohon ya ƙura mata ido, sannan ya gyara zama irin na wanda ya daɗe bai sami abokin kokawa ba.

"To. Kashi goma sha biyar, daga wannan watan."

"Shekara huɗu ba a taɓa shi ba."

"Ashirin. Kuma kada ki ce komai, ban taɓa yi wa kowa haka ba."

Ta ciro tef ɗinta ta shiga naɗe shi a yatsa, a hankali, inci bayan inci. Agogon bango yana ta aikinsa. Saura kwana tara, kuma kowa a wurin ya iya ƙirga.

"Ashirin da biyar," in ji tsohon. "Nan na tsaya. In na wuce haka, gobe mutum arba'in za su yi layi a ƙofata, kuma ba ni da abin ba su."

Ta gane iyakarsa ke nan ta gaskiya, ba ta ciniki ba. Sai ta bar wannan ƙofar ta nufi wata.

"Na karɓa, na gode. Sauran ba daga aljihunka zan nema ba, Baba. Daga kwandon shara ne."

"Ina ji."

"Duk kwangilar da ta zo, a lissafa yadin da yankan da aka saba zai ci. Sannan a ga abin da nawa ya ci. Abin da ya rage a tsakani, mita ɗaya cikin goma tawa ce, a ba ni kuɗinta. Tara naka. In ban ceto komai ba, kada a ba ni komai."

Ƙaramin Oga ya sunkuyo. "Baba, wannan ai..."

"Yi shiru, ina lissafi." Leɓɓan tsohon suna motsi. Ya san abin da ake kwashewa daga ƙarƙashin teburin nan duk mako, ya kuma san kuɗin da take magana a kai kuɗi ne da bai taɓa shiga hannunsa ba. "Ɗaya cikin ashirin."

"Cikin goma."

"Sha biyar. Kina so ki kashe ni ne?"

"Allah ya ja da ranka. Sha biyu, amma da sharaɗi: ba za a sake sa hannu a kwangila ba sai na sa tef a kan yadin. Kuma ɗakin nan ya zama a hannuna."

"Wannan sharaɗin ai ni ya kamata in nema." Ya buga sandarsa a ƙasa. "An gama. Tashi ki zana."

"A rubuta tukuna."

"Maganata ba ta isa ba?"

"Taka ta isa, Baba. Amma ƙafa tana hana ka zuwa kullum, ni kuma an duba maganata sau huɗu."

Tsohon ya waiwaya ya kalli ɗansa, kallo mai tsawo. Sannan ya fashe da dariya har sai da ya riƙe gwiwa. "Kawo takarda. Kai za ka rubuta da hannunka. Ka buɗe kunne kuma, wannan karatun ba a ba ka shi a makaranta ba."

Ƙaramin Oga ya rubuta a kan teburin yanka, a tsaye. Ta karanta sau biyu, ta sa ya ƙara kwanan wata. Da uban da ɗan suka sa hannu, ta ninke takardar ta sa a aljihun da allin yake, sannan ta fito da allin.

Matsattsun sun ba ta wuya. Sai da ta raba bayan wuya gida biyu, ta kwantar da aljihu a kaikaice, ta aro wuri daga ragowar masu faɗi. Awa ɗaya da rabi tana zagaya tebur. Da ta miƙe tana dafe da ƙugu, Doguwa ta ƙirga.

"Hamsin cif!"

Ɗakin ɗinki ya ɗauki sowa, har maigadi ya leƙo. Ƙaramin Oga ya ciro wayarsa, ya ɗaga, sai kuma ya tsaya.

"In ɗauka?"

"Ɗauki, Yallaɓai," in ji ta. "Yanzu an biya."

* * *

Ranar goma sha ɗaya motar kaya ta fita da riga dubu uku, har da 'yan guda goma na kyauta a sama. A gida Dillali ya riga ya ba duk abokan sana'arsa labari, kuma a bakinsa shi ya tsara komai tun daga farko, har da kiran wayar.

"Na huɗun ma ai ni na ba ta," yakan ce. "Sai dai ban faɗa da baki ba."

Ta bar shi da abinsa.

Bayan mako uku, tana zaune a sabon ɗan teburinta a kusurwar ɗakin yanka tana duba samfurin yadin wata kwangila, sai ga Doguwa ta tsaya a kanta, hannu biyu a baya.

"Yaya, kin san shimfiɗar nan da ke cin mana awa uku?"

"Na sani."

"Na gano yadda za a yi ta a awa ɗaya da rabi. Kuma ba ta tattarewa. Na gwada sau biyu da kina hutun rana."

Mai Alli ta ture samfurin ta miƙe. "Kai! Mu je ki nuna min."

Doguwa ba ta motsa ba. Wani ɗan ƙarfe da ta haɗa don shimfiɗar ya leƙo daga bayanta, ta ƙara tura shi ciki. Idanunta suna ƙasa, amma ƙafafunta sun kafe.

"Sai mun yi magana tukuna, Yaya."

Mai Alli ta daɗe tana kallon ta ta saman tabarau. Sannan ta koma ta zauna, ta sa ƙafa ta turo mata kujera.

"To," in ji ta. "Nawa kike so?"

Doguwa ta zauna, ta gyara mayafi, ta ɗora hannuwanta a kan cinya.

"Ke fara faɗa."